Hilux mai fetur ko mai gas: wacce za ta ja tirela ba ta kwana a gareji ba?

Baban Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Noman shinkafa nake yi a yankin Auyo, wajen Haɗeja, kuma ina da ƙaramar tirela mai taya biyu da nake ɗora wa injin casa, wani lokaci kuma tankin ruwa mai cin lita 2,000. Hayar tarakta nake yi tana ja mini, to kuɗin hayar ya fara fin ƙarfina, ga jira, sai mai tarakta ya gama da na gabanka. Shi ne na ce bari in nemi a-kori-kura tawa. An nuna mini Hilux guda biyu, duka na hannu, duka Vigo, duka giyar hannu. Ɗaya mai fetur ce 2.7, ɗayar mai gas, wato dizal, 3.0 D-4D, kuma mai gas ɗin ta ɗan fi tsada. Wacce ta fi jan kaya, wacce ta fi sauƙin mai, wacce kuma ba za ta mayar da ni ɗan gidan bakanike ba? Kuɗin gumi ne, ba na son in yi kasada da shi.

Injiniya Zariya:
Wa alaikumus salam Baban Walida. Indai ja ne, mai gas. Injin 2.7 ɗin sunansa 2TR-FE, na 3.0 ɗin kuma 1KD-FTV. In ka duba ƙarfin doki kusan kunnen doki suke, ɗaya wajen 160, ɗaya wajen 163, shi ya sa masu sayar da mota suke ce maka duk ɗaya ne. Amma ba doki ke tayar da tirela daga tsaye ba, ƙarfin murɗa ne, wato yadda injin ke juya karanshaf. Na fetur yana ba da 241 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗa kenan), kuma sai allurar juyin inji ta kai wajen 3,800 a minti kafin ya ba ka shi duka. Na gas yana ba da 343 Nm tun allura tana wajen 1,400. Ma'ana kana sakin kuloci ƙarfin yana nan a ƙafarka. Mai fetur sai ka taka ta tana ihu kafin kayan su motsa, kuma kulocinka ne ke biyan bashin.

Alhaji Mai Shanu:
Injiniya ya faɗi gaskiya a takarda. Amma ni da nake yawo tsakanin Maigatari, Wudil da Potiskum, ka tsaya bakin titi ka ƙirga Hilux ɗin da ke wucewa, na gwamnati da na 'yan kwangila da na jami'an tsaro. Mafi yawa fetur ne. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Duk ƙauyen da ta tsaya maka, yaron gareji zai buɗe bonet ya gane abin da yake gani.

Injiniya Zariya:
Alhaji, ai dalilin yawansu ba ya rasa nasaba da tallafin mai. Shekara da shekaru gwamnati tana tallafa wa fetur, gas kuwa an daɗe da sakinsa kasuwa. Kowa ya ga fetur ya fi araha nesa ba kusa ba, sai aka cika ƙasa da masu fetur, kayan gyara da makanikai suka bi su. Tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin lissafin ya canza.

Alhaji Mai Shanu:
Tallafi ya tafi, makanikan da kayan gyaran suna nan. Su ne zai tarar a Haɗeja ranar da ta ƙi tashi.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Salamu alaikum. Ranka ya daɗe Baban Walida, bari in yi maka bayani a matsayin wanda ke kwance injinan nan biyu, don kada ka ɗauki maganar wani ɓangare ka bar wani.

1KD inji ne mai kyau, ban taɓa cewa ba shi da kyau ba. Matsalar ita ce irin abincin da yake so. Tsarin D-4D famfo ne ke matse gas da matsin da ya fi bar 1,000 (bar ma'aunin matsi ne) a cikin bututu ɗaya, sannan kwamfuta ta riƙa buɗe nozul huɗu tana fesawa. Ramukan bakin nozul ɗin ƙanana ne ƙwarai, kuma gas ɗin da kansa ne ke shafa wa famfo da nozul maiƙo. In aka samu ruwa a ciki, ko ƙura, ko an gauraya shi da kalanzir, to ƙarfe ne ke gogar ƙarfe. Da farko za ka ji tana ƙwanƙwasa da sanyin safiya, sai farin hayaƙi, sai ta fara wuyar tashi. In aka ci gaba da tuƙa ta a haka, nozul ɗin da ke zubar da mai maimakon fesawa yana iya tsaga fistin. Sannan ba a canza nozul a bakin titi. Kowanne yana da lambarsa da sai an shigar a kwamfutar motar da na'ura, in ba haka ba ba za ta yi daidai ba.

Akwai kuma abin da duk mai sayen 1KD na hannu ya kamata ya sani. A ƙarƙashin kowane nozul akwai ƙaramar wosha. In ta gaji, hayaƙin ƙuna yana ratsowa sama ya haɗu da baƙin mai, ya mayar da shi kamar kwalta. Wannan kwaltar ce ke sauka ta toshe rariyar famfon baƙin mai a cikin som, wato kaskon baƙin mai da ke ƙasan inji. Mota tana tafiya lafiya lau a ganinka, alhali metal ba ya samun mai. Rana ɗaya sai injin ya buga. Woshar ba ta da wani tsada, amma wanda bai san da ita ba ba zai canza ta ba.

2TR kuwa buloko na baƙin ƙarfe ne, babu tobo, sarƙa ce ke riƙe da tayimin ɗinsa ba bel ba. Ka ba shi baƙin mai a kan lokaci, ka canza fulogi, kada ka bar shi ya yi zafi. Zai sha mai, zai yi nauyin jiki da kaya, amma abin da zai lalace a jikinsa yawanci ana samunsa a nan kasuwarmu ko Panteka ta Kaduna a yini ɗaya.

Baban Walida:
Allah ya saka da alheri Oga. To yaya batun shan man? Shi ne ya fi tsaya mini a rai, don a lokacin girbi kullum ina hanya.

Injiniya Zariya:
Ga yadda za ka lissafa da kanka ba sai kowa ya ruɗe ka ba. Lita ɗaya ta gas ta fi lita ɗaya ta fetur ƙarfi da fiye da kashi 10 cikin 100, kuma injin gas ya fi iya tatsar ƙarfin saboda matsin da yake yi. Mu ɗauka, a misali kawai, mai fetur ta sha lita 14 a kilomita 100, mai gas ta sha 10. Kenan ko da litar gas ta fi ta fetur tsada, sai bambancin ya kai kashi 40 cikin 100 kafin su yi daidai. Ka je gidan mai ka duba farashin yau ka saka a wannan lissafin. Kuma da zarar ka ɗaura tirela tazarar ƙaruwa take yi, domin mai fetur za ta koma giya uku tana kuka inda mai gas ke tafiya a huɗu hankali kwance.

Maman Ilham:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba bakanike ba ce, ruwan leda nake sayarwa, amma ni ke biyan kuɗin mai da gyara, don haka ina da abin cewa. Injiniya, lissafinka ya tsaya a bakin famfon gidan mai. Muna da mai gas muna jin daɗinta ƙwarai, mai kaɗan take sha. Wata rana direba ya ƙare da mai a hanyar ƙauye ya sayi jarka a wajen 'yan bumburutu. Ba a yi mako ba ta fara hayaƙi. Abin da na kashe a nozul da famfo ya cinye duk rarar man da na daɗe ina murna da ita, ga motar ta yi zaman gareji ana jiran kaya daga Legas, kwastomomi suka koma wajen wasu. Wannan asarar ta biyu ba ta shiga lissafin lita. Yaya Baban Walida, kai ma in taka ta tsaya a tsakiyar girbi, shinkafar ba za ta jira ka ba.

Injiniya Zariya:
Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Amma ai wannan laifin man ne, ba na injin ba. Yanzu ma matatar Dangote tana fitar da gas tun 2024, samun mai kyau ya fi da sauƙi.

Maman Ilham:
Daga matata zuwa tankin motata hannu nawa yake bi? Ni ban ce laifin injin ba ne. Na ce wanda ke aiki a ƙauye ba kullum yake da zaɓin inda zai sha mai ba.

Direban Damagaram:
Gaisuwa ga kowa daga Zinder. Mu a nan gazuwal, wanda kuke kira gas, ba baƙon abu ba ne, matatar SORAZ tana nan kusa da mu tun 2011, kuma kat-kat, wato motoci masu jan taya huɗu, masu gazuwal sun fi yawa a hannun ma'aikatu da ƙungiyoyi. Amma ku lura da irin wanda masu shiga daji suka fi yarda da shi. Land Cruiser mai bodi, injin 1HZ, 4.2, silinda shida, babu tobo, famfonsa irin na da ne, babu kwamfuta. Tun 1990 ake yin sa. Dokinsa wajen 130 ne kacal, amma yana haƙuri da man da D-4D ba zai haƙura da shi ba. A Hilux ma akwai ɗan'uwansa, 5L-E, 3.0 mara tobo. Don haka in an ce "mai gas" a tambaya wane gas ɗin. Ba duka suka taru suka zama ɗaya ba.

Ɗan Fort-Lamy:
Gaskiya ne. Mu a Chadi tarihi ma ya shaida. A 1987 da a-kori-kurar Toyota sojojinmu suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har Turawa suka sa wa yaƙin sunan motar.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Haka ne ɗan'uwa, amma motocin wancan zamanin ba su san kwamfuta ba, kada sunan da suka yi ya sa mutum ya sayi ta 2010 yana zaton ita ce. Game da 5L-E da Malam na Damagaram ya kawo, ina ƙaunar injin nan, sai dai ba shi da ƙarfin wannan aikin. Dokinsa bai kai 100 ba, murɗarsa ba ta kai 200 Nm ba, ko mai fetur ɗin ta fi shi. In ka ɗaura masa tan biyu a rana mai zafi za ka riƙa danne shi har ƙasa, kuma abin da ya fi tsana kenan, zafi. Kansa yana tsagewa in ya tafasa.

Ɗan Gembu:
Ku zo Mambila ku ga bambanci da idonku. Daga Mayo Selbe ka fara hawa, kwana bayan kwana, har ka kai sama inda tsayin ya kai mita 1,600. Iska a can ba ta da kauri kamar ta ƙasa, injin da ba shi da tobo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Mai 2.7 da lodi za ka gan ta a giya ɗaya tana rarrafe, direba ya kashe AC yana kallon allurar zafi. Mai tobo kuwa tana cusa wa kanta iska, sai ta wuce ta. Ni ko kyauta aka ba ni mai fetur don jan kaya, sayarwa zan yi in cika in sayi gas.

Alhaji Mai Shanu:
Malam, mutumin nan Auyo ya ce. Daga can har Kano ina dutsen yake? Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya. Da Gembu ko Hawan Kibo yake bi da ni ma na ce gas.

Ɗan Gembu:
Babu dutse amma akwai taɓo da yashi, Alhaji. Fadama ce fa. Fitar da tirela daga laka ya fi hawan dutse cin ƙarfi.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
A nan ƙaramar giya ce ke aiki, ba girman inji ba. In motocin biyu masu jan taya huɗu ne, ya saka L4, ƙaramar giyar taya huɗu, ya fita a hankali ba tare da ya riƙe kuloci rabi ba. Ko 2.7 za ta fito da ita. Da ya hau kwalta ya mayar H2, wato jan taya biyu, kada ya manta, don tafiya a kan kwalta da taya huɗu a kulle tana murɗe kayan ƙasa. Baban Walida, ka tabbatar mana, duka biyun 4x4 ne?

Baban Walida:
E Oga, duka biyun suna da ƙaramin sandan giya na biyu.

Mai Walda Hotoro:
Ina ta karatu tun ɗazu, kowa yana maganar abin da zai ja, babu wanda ya yi maganar abin da zai tsayar. Ni tirela nake haɗawa, bari in tambaya. Baba, tirelar taka tana da birkinta?

Baban Walida:
Ba ta da shi. Akasil ɗin tsohuwar mota ne aka yi mata bodi a kai.

Mai Walda Hotoro:
To nan ne babbar maganar take, wallahi ta fi ta inji. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tankinka cike tan 2 ne, ka ƙara nauyin tankin da na tirelar. Kilo 3,500 da ake ta yayatawa cewa Hilux tana ja, na sabuwar ce mai gas, wadda ta fito daga 2015, kuma da sharaɗin tirela mai birki. Vigo ba a rubuta mata ko tan 3 ba. Tirelar da ba ta da birki kuwa, iyakar da aka sa kilo 750 ne. Kai za ka ɗora fiye da ninki uku na wannan a bayan motar da ita kanta ba ta kai tan 2 ba. Ranar da akuya ko yaro ya gitta ka taka birki, tirelar ce za ta tura ka, in ta ga dama ta naɗe motar gefe. Tarakta tana yi ne saboda a hankali take tafiya kuma tana da nauyi a ƙasa. Hilux gudu take, kuma duk wanda ya ji mota tana ja da sauƙi ƙafarsa sauka take yi.

Wani abin kuma, tanki rabi ya fi cikakke haɗari. Ruwan yana kai gaba yana dawowa, kana tsayawa sai ka ji an buge ka ta baya. Ko ka cika shi, ko a yi masa shamaki a ciki.

Injiniya Zariya:
Wannan magana ce ta gaskiya, na goyi baya ɗari bisa ɗari. Ƙari a kai, wajen kashi 10 cikin 100 na nauyin tirelar ya kamata ya sauka a kan ƙugiyar. In nauyin ya koma bayan akasil, tirela takan fara rawa da zarar an ɗan yi gudu. Kuma a ɗaura ƙugiyar a jikin shasi, ba a bamba ba.

Baban Walida:
Innalillahi. Da iyalina nake shiga gona wani lokacin. Na gode Malam mai walda, wannan zan fara gyarawa kafin komai. Game da motar kuma zuciyata ta fi karkata ga mai fetur, saboda maganar Hajiya ta taɓa ni. Inda nake, gidan man da na yarda da shi yana da nisa, kuma ban san mai na'urar nozul a kusa ba. Tafiyata ba ta da tsawo, gona zuwa gari ne, sai Dawanau jefi-jefi. Wani ya ce mini ma ana iya mayar da ita CNG, wato ta riƙa aiki da iskar gas ta tukunya.

Ɗan Gembu:
Ra'ayinka ne, amma ina nan a kan bakata. Wata shida da jan tanki za ka fara tunanin mai gas.

Injiniya Zariya:
Ana mayar da 2TR CNG, yana karɓa. Amma ka yi tunani biyu. Tukunyar tana da nauyi kuma a bayan motar za a ajiye ta, ta cinye maka wurin buhuna. Ƙarfi kuma yana ɗan raguwa, kai da kake neman ƙari. Sannan sai in kana da wurin cikawa a kan hanyarka. Ni har yanzu da ni ne gas zan ɗauka, in ƙara mata matatar mai ta biyu mai raba ruwa, in riƙa sayen mai wuri ɗaya ina ajiyewa a duro mai murfi. Amma na fahimci dalilinka.

Makaniken Ƙofar Ruwa:
Kowacce ka tsayar, ranka ya daɗe, kada ka biya sai an tayar maka da ita da sanyin safiya, injin bai ɗumama ba. Dillali ya ce maka "yanzu muka kashe ta", ka ce gobe ka dawo.

In mai fetur ce, ka saurari ƙarar sarƙa a sakan na farko. Ka buɗe murfin lagireto tana sanyi, a tayar, ka duba ko ruwan yana kumfa, alamar gasket ce. Ka tambaya ko tamostat yana ciki. Da yawa a ƙasar nan ana cire shi wai don kada mota ta yi zafi, alhali cirewar tana hana injin kai zafin da aka tsara masa, ya ƙara shan mai. Mai jan kaya lagireto mai tsabta yake buƙata da fanka mai kamawa, da ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan burtsatse da ke barin gishiri yana toshe hanyoyi ba. Kuloci kuma ka sa a ranka za ka canza shi da wuri, ka sayi mai kyau.

In zuciyarka ta juya ga mai gas, a jona na'ura a karanta yadda kowane nozul ke gyara kansa, a sauke som a duba rariyar nan da na faɗa, a tambayi yaushe aka canza tayimin bel, don shi a kilomita 150,000 ake canzawa kuma akwai masu kashe fitilar T-BELT ba tare da sun taɓa bel ɗin ba. In daga Turai aka shigo da ita kuma ta shekarun ƙarshe ce, a leƙa salansa ko tana da matatar hayaƙi ta DPF, wadda gajerun tafiye-tafiye irin naka ke toshewa. Bayan jan kaya mai nauyi kuma a bar ta ta yi minti ɗaya ko biyu a silo kafin a kashe, saboda tobo.

Maman Ilham:
Malam mai walda, mu ma muna da irin tirelar nan. Ana iya saka mata birki ko sai an sake sabuwa?

Mai Walda Hotoro:
Ana iyawa Hajiya, in akasil ɗin yana da durom ɗinsa. Akwai ƙugiya mai birkin turi: motar na rage gudu, tirelar ta turo gaba, turin nan ne ke jan waya ko ya danna masta ya kama tayoyin. Ba ta buƙatar wuta daga motar. In an cire durom ɗin tun farko, sai a nemo wani akasil cikakke, kuma don tan biyu da ɗoriya ni akasil biyu nake ba da shawara, taya huɗu, ko ɗaya ta fashe ba za ta kife ba. A saka sarƙar tsaro guda biyu a gicciye ƙarƙashin ƙugiyar, da fitilar birki a baya. Ki sa a ɗauko hoton ƙasan taku ta ɓangaren taya a turo nan, zan gaya miki ko durom ɗin yana nan.